'Yan Sintirin Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya tsayuwar asibiti? Ina fata ƙafar nan da kika ce tana kumbura ta saɓe. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali kullum muna waya. Abin da ya sa, duk sanda kika kira Baba yana zaune kusa da ni, kunnensa kuwa kin san shi, ko allura ta faɗi a ɗakin ɗinkina sai ya tambayi wa ya yar. Akwai maganar da ba ta yiwuwa a gabansa.

Bari in fara da mai daɗin. Ruwa ya zauna, lambun bayan gida ya yi kyau kamar ba shi ba. Wake ya kama sanduna yana hawa, tumatir ya fara fure, kabeji ya fara naɗe kai. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana kula da furannin lambun shaƙatawa na gari, yanzu da ya ajiye aiki sai ya juye duk hidimar a kan wannan ɗan fili. Kafin in gama shara ya riga ya shiga da tsohuwar hularsa.

Kwanan baya darɓa ta sauka wa waken, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da ke manne a bayan ganye suna tsotsa har ya nannaɗe, in ka taɓa hannunka ya yi danƙo. Tururuwa kuma sai hawa da sauka take a kansu, Baba ya ce makiyaya sun fito da shanunsu. Don tsokana na ce zan sayo maganin feshi. Ya harare ni ta saman tabarau, ya ce, "Auta, wanda ya cinna wa ɗaki wuta don ɓera, tsakaninsa da ɓeran wa ya yi asara?" Ya ce a jira 'yan sintiri.

Kin tuna su ai, jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya, kamar an raba ƙwayar wake biyu. Sun kuwa zo. Ya kamo hannuna kamar wata 'yar yaye, ya juya mini ganye yana nuna mini 'ya'yansu, munanan nan masu kama da ɗan kada, ya ce kada muninsu ya ruɗe ni, sun fi iyayen ci. Daga nan muka wuce gindin famfo, ya ɗaga faffaɗan dutsen nan don mu gaida maigadi, baƙin ƙwaron nan mai sheƙi da gudun tsiya wanda ke farautar tsutsa. Yana ganin haske ya zura a guje. Baba ya yi ta dariya, ya mayar da dutsen a hankali yana ba shi haƙuri.

To Yaya, a nan ne abin ya faru. Yana miƙewa sai ya dube ni ya kira ni da sunan Umma, Allah ya jiƙanta, ya ce ko na kai yaran makaranta. Na ɗauka wasa ne, na ce waɗanne yara? Ya tsaya yana kallona, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, irin na wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Can sai ya yi 'yar dariya ya ce rana ce ta buge shi.

Ba shi ne na fari ba. Na taɓa tsintar almakashin lambu a cikin firji. Ran nan kuma ya tsaya a tsakar gida da buta a hannu, ya tambaye ni ina banɗaki. Ke ce ma'aikaciyar jinya, ki gaya mini gaskiya, tsufa ne kawai ko kuwa? Kada ki ɓoye mini don ina ƙarama.

Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa yana lafiya, kuma murar da ta kama ƙaraminku ta sake shi. Amsarki ta iso, da rigar sanyin da kika aiko wa Baba. Ta yi masa daidai, yana sa ta ko da rana, wai 'yarsa ta ƙasar waje ce ta ɗinka masa. Ni da nake mai ɗinki a gidan ko oho.

Na kai shi wurin likita kamar yadda kika ce. Ya yi masa tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya mayar da su wasa, kin san Baba da iya zamewa. Da muka fito likitan ya kira ni gefe ya faɗa mini abin da kika riga kika rubuta a fakaice. Ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, magani sai dai ya rage masa sauri. A mota Baba ya lura da idona, ya ce ko likitan ya ce ina da wani ciwo ne, in kwantar da hankalina, komai na Allah ne. Shi ke lallashina, Yaya.

Lambun ne ya fara nuna abin da muke ɓoyewa. Sai ya ba kwamin barkono ruwa, ya zagaya ya dawo ya sake ba shi, ya sake, har saiwar ta ruɓe, tumatir kuma yana gefe yana yaushi. Yanzu in ya shiga sai in kashe keken ɗinki in bi shi, in riƙa cewa, "Baba, ga wancan can yana kiranka." Ɗinkin mutane ya taru, wasu sun fara karɓe kayansu. Ban damu da wannan ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne abin da ya faru shekaranjiya da hantsi. Ina gwada wa wata mata riga, na ji shiru ya yi yawa a baya. Da na leƙa sai na hango shi tsugune a gindin wake, hannunsa na aiki da sauri. Na ji daɗi, na ce yau jiki da dama. Da na matso sai wani wari ya buge ni. 'Yan sintiri yake tsinta ɗaya bayan ɗaya yana murtsukewa, iyaye da 'ya'ya, yatsunsa sun yi rawaya da ruwan da suke fitarwa. Ya ɗago yana murna ya ce ƙwari sun cika masa wake, amma ya kusa gamawa da su.

Da na sani da na yi shiru. Ke kanki kin gargaɗe ni kada in riƙa yi masa gyara. Amma baki ya riga ni, na ce, "Baba, 'yan sintirinka ne fa!"

Ya dubi hannunsa, ya dubi ƙasa inda jajayen ɓawonsu suka zube. Wallahi a kan idona hankalinsa ya dawo, kamar an ɗaga labule. Ya ce, "Ni na yi wannan?" Ya zauna daɓas a cikin laka, ya ce, "Auta, me ke damuna? Ki gaya mini." Sai hawaye. Ko ranar da aka fita da Umma ban ga hawayen Baba ba.

Na wanke masa hannu a famfo, na kai shi ɗaki. Zuwa la'asar ya manta da abin da ya faru, amma baƙin cikin bai tafi ba, yana zaune yana juya tafin hannunsa yana shinshinawa. Na lura ciwon nan yana ɗauke dalili ya bar wa mutum zafin.

Ina labarin takardunku? Kin ce in kin fito kafin a sabunta miki izinin zama ba za a bar ki ki koma ba. Na fahimta, yara suna can. Amma ki matsa musu. Har yanzu in na nuna masa hotonki yana gane ki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da yadda na kashe miki waya ran nan. Ba ke ba ce, gajiya ce. Amma tunda takarda ba ta katse mutum, bari in faɗa sau ɗaya in huta. In kina ce mini in riƙa yi masa kaza, in daina yi masa kaza, sai in ji kamar in ce zo ki yi. Ke kina jinyar iyayen wasu a can ana gode miki, ni ina jinyar namu a nan yana tambayata wa ya ba ni izinin shiga gidansa. Na san ba da son ranki ba ne, na san kina kuka a can inda ba mai ganinki. Na faɗa, ya wuce, kada ki riƙe.

Tun da 'yan sintiri suka ragu darɓa ta samu sake, waken ya yi baƙi ƙirin, ganye duk ya murɗe. Baffa ya zo duba ɗan'uwansa, ya zagaya lambun yana taɓe baki. Shawararsa ita ce a feshe komai, ko ma a sare a zuba siminti, tunda lambun ne ke tayar wa Baba da hankali, kuma wata rana zai zame a laka ya karye. Ba mugunta yake nufi ba, har da gaskiyarsa. Na ce a bar shi tukuna. A ɗaki Baba ba ya sanin safiya ko yamma, amma in ya taka ƙasar lambu kafaɗarsa takan miƙe. In aka zuba siminti a nan, ina zan riƙa samun mahaifina? Baffa ya ce to in sa wa ƙofar waje kwaɗo. Na sa.

Ranar da abin zai faru, wata mai karɓar ɗinki ta fita ta bar ƙofar a buɗe, ni kuma ina wanka. Na fito ba Baba, ba hularsa. Hadari ya haɗu, kafin in kai bakin titi ruwa ya kece. Na bi layinmu, na shiga kasuwa, na je har ƙofar lambun shaƙatawa inda ya yi aiki, masu gadi suka ce ba su gan shi ba. Ina tafe ina kiran "Baba" kamar mahaukaciya, duk tsohon da ya waiwayo ba nawa ba.

Mai gyaran keken nan na kusurwa, wanda Baba ke ba tumatir duk shekara, shi ya rufe rumfarsa ya hau keke ya shiga nema. Ya same shi a kangon fili na bayan makarantar firamare, cikin ciyawa har gwiwa, ya jiƙe sharkaf yana rawar ɗari. Ya tambaye shi sunansa, bai sani ba. Ya tambaye shi gida, bai sani ba. Amma ya dunƙule wani abu a ƙirji ya ƙi saki, haka ya ɗoro shi a bayan keke yana turawa har gida.

Da na cire masa jiƙaƙƙun kaya na lallaɓa ya buɗe hannun. Kwalin ashana ne. Na zaro shi, sai ga 'yan sintiri a ciki suna motsi, da ɗan ganye da ya saka musu. Ya ce mini, a hankali kamar mai faɗin sirri, wai wani mutum ya yi wa lambun nan ɓarna, shi ne ya je ya samo waɗansu a mayar. Ya ce kada in gaya wa mai lambun, zai ji ba daɗi.

Bai yarda ya kwanta ba sai da ruwa ya tsagaita muka je tare, na riƙe masa lema, ya juye su a kan waken da hannunsa.

Tun ranar yake tari, jikinsa da zafi. Na ba shi abin da likita ya rubuta, amma abinci sai da lallashi. Gobe zan mayar da shi asibiti.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida maigida da yara.

Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. A kan gwiwata nake rubutu a barandar asibiti, ki yi haƙuri da hannun.

Sanyi ya shiga huhunsa, kamar yadda kika yi tsoro. An sa masa robar iska a hanci, yana ta ƙoƙarin cirewa, sai na riƙe hannun. Ma'aikatan jinyar nan suna da kirki. Akwai wata mai irin tafiyarki, duk sanda ta wuce sai in ɗauka ke ce. Na ga yadda suke tsayuwa tun safe, na tuna maganar da na rubuta miki, na ji kunya.

Kin ce an kira ki ofishin takardu mako mai zuwa. Allah ya sa a dace. In sun ba ki, kada ki tsaya sayen tsaraba, kada ki tsaya komai. Likita bai ce mini komai ba, amma ya daina cewa "in ya warke", ya koma cewa "mu ga abin da Allah zai yi".

Baffa yana zuwa kullum. Mai gyaran keke ne ke ba lambu ruwa, ban ma roƙe shi ba.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata, 'yar'uwata da ba ni da kamarta,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya kamar yadda kika yi mini. Yaya haƙuri? Yaya yara, sun fahimci abin da ya faru? Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Umma a gidan rahama, mu kuma ya ba mu juriya.

A waya mun kasa magana, kuka kawai muka yi wa juna. Kin tambaye ni ko ya sha wahala, ko ya ambace ki. Yanzu da baƙi suka ragu zan ba ki amsa yadda abin yake.

Bai sha wahala sosai ba. Kwanakin ƙarshe barci ya fi yawa. Ranar da zai rasu, da safe, sai ya farka idonsa tar, har ya karɓi shayi. Gadonsa yana kusa da taga, a waje akwai wata bishiyar fure da tsutsa ta yi wa kaca-kaca. Ya daɗe yana kallonta, ya ce mai kula da wannan bishiya ba ya juya ganye. Sannan ya waiwayo ya dube ni da ladabi, irin yadda yake yi wa baƙi, ya ce, "Baiwar Allah, kullum ina ganinki a nan. 'Yar wace ce ke?"

Wannan karon ban yi masa gyara ba. Na ce ni 'yar wani mai lambu ce. Ya ce a'a, ashe 'yar gida ce. Ya tambaya ko ni kaɗai ya haifa, na ce mu biyu ne, yayata tana wata ƙasa tana jinyar marasa lafiya, tana nan tafe. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ki gaida shi. Ki ce masa ya iya reno."

Bai ƙara wata doguwar magana ba. Bayan azahar numfashinsa ya sauya, Baffa yana gefe ɗaya ina gefe ɗaya, ya tafi a hankali kamar mai gudun ya tashi wani daga barci. Bai kira sunanki ba, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Nawa ma bai kira ba. Amma wannan yabon namu ne mu biyu, na kawo miki rabonki.

Kin ce takardun sun fito washegarin da aka binne shi, kin ce kina ji kamar ki yayyaga su, kuma za ki fasa tafiyar tunda wanda za ki zo dominsa ba ya nan. Kada ki fasa. Ina nan. Gidan ya yi mini girma. In na kunna keke sai in riƙa kashewa ina saurare, alhali ba wanda zan saurara. Kayansa suna nan yadda ya bar su, na kasa buɗe akwatin ni kaɗai.

Baffa ya sake ta da maganar siminti, amma a hankali, ya ce sai abin da muka ce. Na ce sai kin zo. Lambun ba ya da kyan gani yanzu, kada ki sa rai. Muna asibiti tsutsa ta cinye kabejin, sai jijiyoyi. Tumatir ya ba da abin da ya samu, na kai wa mai gyaran keke, ya karɓa ya juya baya yana share ido. Waken ne ya ɗan farfaɗo, ya yi sabon toho daga sama.

Jiya da yamma na daure na shiga ciki, karo na farko tun rasuwar. Ina cire ciyawa a inda na sake dasa barkono, sai na ga wani ƙwaro a kan ganye wanda ban taɓa ganin irinsa ba, dogo siriri, ruwan ƙasa, da ɗan baki kamar tsinke a lanƙwashe a ƙirjinsa. Yana tsaye cik, bai ci ganyen ba, bai kuma tafi ba. Ban san ko aboki ne ko ɓarawo ba. Yaya, sai da na juya na buɗe baki zan ce, "Baba, zo ka gani."

Na daɗe a tsugune a wurin. Ban kashe shi ba, ban kore shi ba. Yau da safe na koma, yana nan.

Ke kin riga ni zuwa duniya, kin riga ni shiga lambun nan, wataƙila ya taɓa nuna miki shi ya gaya miki aikinsa tun kafin a haife ni. Ki taho da takalmin da ba kya jin tausayinsa, ƙasar da laka. Zan bar ƙwaron inda yake sai kin zo.

Ki gaida maigida, ki rungume mini yara. Ki sanar da ni ranar saukarki, zan je in tarye ki.

Ƙanwarki mai jiranki,
Auta